Ta yaya ake gane fentin da ke da dalma a tsohon gida?

Maman_Ikilima:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ita ce, mutumin da ke zaune a gidan da ya daɗe da ginawa, ta wace hanya zai san ko fentin da ke jikin ƙofofinsa da tagoginsa yana da dalma? Na ji masu cewa ido kaɗai ya isa a gane shi, na kuma ji masu cewa muddin fentin bai fara ɓarewa ba to babu abin damuwa. Ina da yara ƙanana, ɗaya ma yanzu yake rarrafe, ga shi muna shirin sabunta fentin gidan. Ina so in san abin da ya kamata a bincika kafin mai fenti ya sa hannu.

Abu_Sadik:
Wa alaikumus salam. Abu na farko da za ki nema shi ne shekarar da aka gina gidan. A Amurka an haramta fenti mai dalma a gidajen zama a 1978, kuma alƙaluman da hukumar kare muhalli ta ƙasar take bayarwa sun nuna cewa kimanin kashi 87 cikin 100 na gidajen da aka gina kafin 1940 suna da irin wannan fenti a wani sashe nasu, kashi 69 na waɗanda aka gina daga 1940 zuwa 1959, sannan kashi 24 na waɗanda aka gina daga 1960 zuwa 1977. Saboda haka idan gidanku ya zo bayan 1978, ki kwantar da hankalinki.

Injiniya_Bashir:
Malam Abu Sadik, alƙaluman da ka kawo daidai ne, amma hukuncin da ka gina a kansu yana buƙatar gyara. Shekarar 1978 ta Amurka ce ita kaɗai, kowace ƙasa da nata lokacin. Faransa da Beljiyam da Ostiriya sun taƙaita amfani da farar dalma, wato farin launin da ake haɗawa da dalma, a fentin cikin gida tun 1909, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya a kan farar dalma a 1921, Birtaniya kuwa sai a 1992 ta hana sayar wa jama'a fenti mai dalma, duk da cewa masana'antunta sun daɗe da rage shi. Har yau ɗin nan akwai ƙasashe masu yawa da ba su da dokar da ta ƙayyade dalma a fenti, wasu kuma suna da dokar amma babu mai bin diddiginta. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya da shirin muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya suka haɗa kai suna kira ga ƙasashe su kafa iyakar kashi 90 cikin miliyan ɗaya. Ke nan a wasu wuraren gwangwanin fentin mai da aka saya bana ma yana iya zuwa da dalma, musamman ruwan ɗorawa da ja da ruwan lemo da kore. Tsufan gida yana ƙara zargi, amma kasancewarsa sabon gini ba ya wanke shi.

Tsohon_Mai_Fenti:
Ni aikin fenti na yi har ƙarfina ya ragu, don haka bari in faɗi abin da hannu da ido suka sani. Tsohon fentin mai idan ya gaji yakan tsattsage gida-gida, tsagin ya bi tsaye ya bi kwance kamar fatar kada, kuma idan ka shafa tafin hannunka a kai za ka ga farin gari ya maƙale maka. Duk inda na ga waɗannan alamu biyu tare, ina ɗaukarsa a matsayin mai dalma har sai an tabbatar mini da akasin haka. Amma 'yata Maman Ikilima, kada ki dogara da wannan kaɗai, domin a yawancin gidaje tsohon fentin yana can ƙasa, an yi ta shafa sabo a kansa shekara da shekaru. Daga waje za ki ga bango sumul, sai an yanka da wuƙa a ga launi a kan launi, wanda ake tsoron kuma shi ne na can kusa da katako. Wuraren da aka fi shafa shi su ne tagogin katako da firam ɗinsu, ƙofofi, matakalar bene da abin riƙe hannunta, baranda, ɗakin girki da banɗaki saboda yana jure danshi, sai kuma ƙarafa, domin jan fentin nan na hana tsatsa da ake fara shafawa a da, na dalma ne.

Likitar_Yara:
Ina so in ƙara a kan maganar Baba, domin akwai abin da ake yawan ɗauka ba daidai ba. Mutane suna tunanin sai yaro ya tsinci ɓawon fenti ya ci sannan za a samu matsala. Hakan yana faruwa, tunda ɓawon yana da ɗan zaƙi-zaƙi kuma yaron da ya ɗanɗana yakan koma, amma hanyar da ta fi yawa ita ce ƙura. Duk lokacin da aka buɗe taga ko aka rufe, katako yana gugar katako, fentin yana niƙewa ya zama gari mai laushin da ido ba ya gani, ya sauka a bakin tagar da kan daɓe. Yaro ya rarrafa a kai, ya kai hannu baki, ya tsotsi abin wasansa da ya faɗi ƙasa. Jikin ƙaramin yaro yana tsotsar dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba zai tsotsa, ƙwaƙwalwarsa kuma tana tsakiyar girma.

Abin da ya fi damuna a matsayina na likita shi ne yawancin yaran da dalma ta shiga jininsu ba sa nuna alamar ciwo ko kaɗan. Suna wasa, suna cin abinci, sai daga baya a ga jinkirin magana, ko rashin natsuwa a aji, ko wahalar karatu, kuma ɓarnar da aka yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Idan adadin ya yi yawa ne ake ganin ciwon ciki, da taurin bayan gida, da ƙarancin jini, da amai, har ta kai ga jijjiga da suma. Ba a san wani adadi na dalma a jini da za a ce ba shi da illa ba. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sauko da ma'aunin da take lura da shi daga maikirogiram 5 na dalma a kowace desilita ta jini zuwa 3.5 a 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce daga 5 zuwa sama wajibi ne a nemo inda dalmar take fitowa a toshe.

Malam_Nuhu_62:
Ina girmama ilimin likita, amma ina ganin ana ƙara wa abin gishiri. Mu da iyayenmu a irin waɗannan gidaje muka tashi, mun yi karatu, mun yi aiki, mun haifi 'ya'ya lafiya. Idan fentin yana da wannan haɗari, ai da mun gani a jikinmu.

Likitar_Yara:
Malam Nuhu, wannan hujja an daɗe ana kawo ta, kuma ba laifi ba ne a yi tambayar. Matsalar ita ce babu wanda zai iya auna abin da ya rasa shi kaɗai, domin ba shi da wani kansa da ya tashi a gida marar dalma balle ya kwatanta. Sai an haɗa yara masu yawa ake ganin bambancin. A 1979 wani likitan yara ɗan Amurka mai suna Herbert Needleman ya wallafa binciken da ya auna dalma a haƙoran da yara 'yan makaranta suka famfare a yankin Boston, ya gano cewa waɗanda haƙoransu suka fi dalma sun fi ƙasa a gwajin basira kuma malamansu sun fi kukan rashin natsuwarsu, alhali babu ɗayansu da aka taɓa cewa yana da gubar dalma. Tun kafin nan ma, a 1904, wani likitan ido a Birisben ta Ostireliya mai suna Lockhart Gibson ya danganta ciwon yaran da yake gani da fentin shingen baranda da ke zama gari a hannunsu. Ga manya kuma dalma tana da hannu a hawan jini da ciwon ƙoda, waɗanda ba kasafai mutum yake tunanin daga bangon ɗakinsa suka faro ba.

Ummu_Halil:
Don Allah ina neman ƙarin bayani a kan ɗan tsinken gwajin nan da ake sayarwa, wanda ake gogawa a bango ya canza launi. Za a iya dogara da shi?

Injiniya_Bashir:
Malama Ummu Halil, yana da amfani amma yana da iyaka. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai wanda yake komawa ruwan hoda ko ja idan ya haɗu da dalma, akwai kuma wanda yake yin baƙi. Na farkon yana da wuyar karantawa a kan jan fenti, kuma ba ya saurin kama irin dalmar da ke cikin fenti ruwan ɗorawa, filasta ma tana iya rikita shi. Na biyun ba ya nunawa sosai a kan fenti mai duhu, kuma wasu ƙarafan da ba dalma ba suna iya sa shi ya yi baƙi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a goga shi a saman fenti kawai, alhali kamar yadda Baba ya faɗa, na saman sabo ne. Dole a sa wuƙa mai kaifi a yi ɗan yanka a karkace har a taɓo katako, yadda duk shimfiɗun za su bayyana, sannan a goga a cikin yankan, a share garin da ya zuba da jiƙaƙƙen ƙyalle nan take. A ganina idan tsinken ya ce akwai, a yarda da shi a yi taka-tsantsan. Idan ya ce babu, a gidan da yara ke rarrafe, ban yarda a tsaya a nan ba.

Hanyoyin da ake kafa hujja da su guda biyu ne. Ko dai ƙwararre ya zo da na'urar XRF, wadda ake ɗora wa bango ta karanta dalmar da ke duk shimfiɗun cikin daƙiƙoƙi ba tare da an yanka komai ba, ko kuma a ɓanɓaro ɗan yanki na fentin tun daga sama har ƙasa, a sa a leda mai tsabta, a rubuta inda aka ciro shi, a kai ɗakin gwaje-gwaje. A dokar Amurka ana kiran fentin da ke jikin gini mai dalma idan ya kai miligiram 1 a kowace murabba'in santimita, ko kashi 0.5 cikin 100 na nauyinsa. A lura kuma cewa kowane wuri da tarihinsa, don taga ta fita lafiya ba ya nufin ƙofar da ke kusa da ita ta fita.

Zainab_AK:
Ni abin da ya same mu a gidan haya ne. Mai gidan ya turo ma'aikata su sabunta tagogi muna ciki, suka zo da injin goge katako suka yi ta aiki a bushe, babu shimfiɗa a ƙasa, babu rufe ƙofa. Da yamma na shafa yatsana a kan teburin da muke cin abinci, wanda yake wani ɗaki daban, sai ga farin gari, har cikin kwanukan da ke kife a kanta ya shiga. Na share da tsintsiya kamar yadda kowa zai yi, ashe tayar da ita kawai tsintsiya take yi. Daga baya da aka auna jinin ƙaramar 'yata aka ga dalmar ta haura ma'auni, ita kuwa ko zazzaɓi ba ta yi ba. Alhamdu lillahi bai kai matakin ba da magani ba, an dai sa muka bar gidan har aka tsabtace shi, aka riƙa maimaita awon yana sauka a hankali. Maman Ikilima, ina roƙonki kada ki bari a sa samfefa a ko'ina kafin a yi gwaji.

Tsohon_Mai_Fenti:
Allah Ya ƙara wa yarinya lafiya. Abin da Zainab ta faɗa shi ne mafi munin abin da ake yi wa tsohon fenti, gogewa a bushe da kuma ƙonawa da wuta don ya yi laushi a kankare. Wutar ma ta fi muni, domin hayaƙin kai tsaye yake shiga huhu. Su kansu ma'aikatan abin tausayi ne, da yawa ba wanda ya taɓa gaya musu, kuma suna komawa gida da ƙurar a riga da gashi da takalmi, 'ya'yansu su rungume su.

Dan_Amurka_Sani:
Ga waɗanda ke zaune a Amurka, doka tana gefenku a wannan batu. Tun 1996 wajibi ne mai sayar da gida ko mai ba da haya, idan an gina gidan kafin 1978, ya bayyana abin da ya sani game da fenti mai dalma, ya kuma miƙa takardar wayar da kai ta hukuma. Mai saye yana da kwana 10 ya kawo wanda zai bincika kafin ciniki ya ɗaure shi. Daga 2010 kuma duk ɗan kwangilar da zai taɓa fenti a irin waɗannan gidaje sai yana da takardar shaidar horo. Sai dai dokar cewa ta yi ya faɗi abin da ya sani, ba ta tilasta masa ya gwada ba, shi ya sa da yawa suke rubuta cewa ba su da masaniya.

Abu_Sadik:
Tunda ana maganar inda dalma take fitowa, ai ba fenti kaɗai ba ne. Akwai tsofaffin bututun ruwa da dalmar da ake like su da ita, akwai kuma man fetur mai dalma da aka yi shekaru ana ƙonawa, wanda sai a 2021 aka daina sayar da shi ga motoci a duniya baki ɗaya bayan Aljeriya ta ƙarar da nata. Ashe ba zai yiwu a ɗora wa fenti laifin da ba nasa ba?

Injiniya_Bashir:
Zai yiwu, shi ya sa binciken kirki ba ya tsayawa a bango. Akwai bambanci tsakanin binciken da ke nuna inda fenti mai dalma yake, da binciken da ke nuna ko yana cutarwa a halin yanzu. A na biyun ana auna wani yanki na daɓe ko bakin taga, a goge shi da jiƙaƙƙen ƙyalle na musamman, a aika a auna dalmar da ta maƙale. Ana kuma ɗiban ƙasa daga gindin bangon waje, inda ruwan sama ya yi shekaru yana wanko fenti yana zubarwa, da wurin da yara suke wasa. Dalma ba ta ruɓewa, wadda ta sauka a ƙasa tun zamanin fetur mai dalma tana nan, takalmi yana shigo da ita ɗaki. Ruwan famfo ma gwajinsa daban ne.

Hajiya_Mariya:
Ina bin muhawarar tun farko, ina so in tuna wa likita batun masu juna biyu, domin ban ga an ambace su ba.

Likitar_Yara:
Na gode Hajiya. Dalmar da ta shiga jiki ba ta daɗewa a jini, cikin kamar wata ɗaya rabinta yake barinsa, amma mai yawa takan koma ƙashi da haƙori ta zauna shekaru aru-aru. Lokacin goyon ciki jiki yana jan kalsiyam daga ƙashin uwa, dalmar ta biyo shi ta ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi. Don haka mai ciki da yara ba su da abin yi a gidan da ake kankare tsohon fenti, har sai an gama an tsabtace. Yaron da ke da ƙarancin sinadarin ƙarfe ko kalsiyam, ko wanda cikinsa yake yawan zama babu abinci, ya fi tsotsar dalma, amma abinci mai kyau kariya ce kawai, ba ya maye gurbin kawar da tushen.

Maman_Ikilima:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na fahimci ido ba ya yanke hukunci. Amma har yanzu rabin tambayata yana nan. Idan an gwada an samu dalma, fentin kuma yana nan lafiya bai ɓare ba, a cire shi ne ko a bar shi?

Tsohon_Mai_Fenti:
A bango ko silin da babu abin da ke gugarsa, ni ra'ayina a bar shi, a wanke da ruwa da sabulu, a shafa sabo a kai, a riƙa dubawa lokaci-lokaci, musamman inda ruwa ke yoyo, domin danshi ne ke ɗaga fenti. Cirewa ba tare da ƙwarewa ba ta fi barin haɗari nesa ba kusa ba. Taga da ƙofa kuwa maganarsu daban, sabon fenti ba ya daɗewa a inda ake guga kullum. Wanda yake da hali ya cire tagar gaba ɗaya ya sa sabuwa. Idan dole sai an kankare, a fitar da kaya, a shimfiɗa leda mai kauri a manne bakinta, a rufe ƙofar ɗakin da leda, a riƙa fesa ruwa ana kankarewa yana jiƙe, a sa takunkumin da aka yi domin irin wannan ƙura, ba na kyalle ba. In an gama a naɗe ledar ta ciki, a goge ko'ina da ruwa, bokitin sabulu daban na ɗauraya daban. Injin zuƙe ƙura na gida ba ya riƙe wannan gari, sai mai matatar HEPA, wato matata ta musamman mai kama ƙura mai laushi sosai.

Injiniya_Bashir:
Baba, na yarda da kai a kan hanyoyin aiki, amma ina da ja a kan barin fentin. Rufewa tana aiki ne muddin akwai wanda ya san abin da ke ƙasa. Gida yana canza hannu, mai haya ya tafi wani ya zo, bayan shekaru wani ya kawo injin gogewa kamar yadda aka yi wa Zainab. Idan za a bar shi, to a rubuta sakamakon gwajin wuri-wuri a ajiye tare da takardun gidan, a nuna wa duk ma'aikacin da zai shigo. Kuma duk inda bakin yaro zai iya kaiwa, kamar bakin taga da abin riƙe hannu na matakala, ni ban ɗauke shi wurin da za a rufe da fenti a bari ba, ko da yana sheƙi.

Malam_Nuhu_62:
Na karanta abin da likita ta kawo, kuma ban musanta binciken ba. Sai dai har yanzu ina tambaya, mutumin da ba shi da hanyar samun na'ura ko ɗakin gwaje-gwaje a kusa da shi, kuma gidan ba nasa ba ne balle ya canza taga, me ya rage masa?

Zainab_AK:
Malam Nuhu, abin da aka koya mana bayan abin da ya faru shi ne a ɗauka akwai dalmar, a yi aiki da hakan. A daina share ɗakin yara a bushe, a riƙa goge daɓe da bakin taga da jiƙaƙƙen ƙyalle akai-akai, a wanke hannun yaro kafin ya ci abinci da kafin ya kwanta, a wanke kayan wasansa, a bar takalmi a bakin ƙofa, a janye gadonsa daga jikin taga. Inda fenti ya fara ɓarewa a tare wurin da wani abu ko a manne shi na wucin gadi, a sanar da mai gida a rubuce.

Likitar_Yara:
Duk wannan yana rage haɗari, kuma ina goyon baya. Amma ga Maman Ikilima, tunda akwai mai rarrafe a gidan, ni da awon jininsa zan fara tun kafin a taɓa bango, domin a san inda aka tsaya, a kuma sake bayan an gama aikin. Idan an yi awon da jinin yatsa ya nuna sama, a tabbatar da na jijiya, saboda ƙurar da ke fatar yatsa tana iya ƙara adadin.

Injiniya_Bashir:
A nan muka ɗan bambanta da likita a kan abin da za a fara da shi. Awon jini yana nuna abin da ya riga ya shiga, kuma sakamako mai kyau yau yana iya sa iyaye su saki jiki su bar mai fenti ya yi yadda ya saba. Ni da tagar ɗakin da yaron yake kwana zan fara, sannan ƙofarsa, sannan ƙasar gindin bango, kuma ba za a buɗe gwangwanin sabon fenti ba sai an duba jikinsa an ga masana'antar ta rubuta cewa ba a sa dalma a ciki ba.